Rawar Lengger ta Mutanen Jawa, da Darasin da Na Koya a Gaban Allo

Edita ya roƙe ni in rubuta wani abu game da gwajin koyarwa da muka fita bara, don amfanin 'yan'uwana da za su fita bana. Da farko na so in ba da labarin ranar da aka yaba mini. Amma da na zauna na yi tunani, sai na ga ranar da na sha kunya ita ta fi ƙara mini ilmi. Saboda haka ita zan ba ku, tare da abin da na karanta a bayanta.

An tura ni wata makarantar maza zalla, aka ba ni ajin yara 'yan shekara 12 zuwa 14. Ran nan darasinmu na Labarin Ƙasa ne, a kan tsibiran Indonesiya. Na zana taswira a allo, na yi maganar noman shinkafa da duwatsu masu aman wuta, kome na tafiya daidai. Sa'an nan na ɗaga wani hoto da na samo, na wani mai rawa da ɗaurin ƙirji, da dogon gyale a wuya, da gashi an naɗe shi a ƙeya an soka furanni. Yara suka ce lalle wannan mace kyakkyawa ce. Ni kuwa don in ba su mamaki sai na karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton, na ce, "Ai namiji ne."

Kai, jama'a! Sai aji ya kece da dariya. Kafin in ce kwabo, wani ya nuna wani ɗan siririn yaro a layin baya, wanda ya fito a matsayin uwargida cikin wasan kwaikwayon ƙarshen zango, ya ce, "Malam, ga namu ɗan daudun nan!" Dariya ta ƙaru. Yaron ya kifa kai a kan tebur, bai sāke ɗagowa ba har aka kaɗa ƙararrawa. Abin kunyar shi ne ni ma na yi murmushi, domin ba ni da abin faɗi.

Malamin da kwaleji ta aiko ya duba ni yana zaune a baya. Da muka fito ya ce, "Malam, me ka koya musu yau?" Na ce, "Indonesiya, ranka ya daɗe." Ya ce, "A'a. Ka koya musu yi wa baƙon abu dariya, ka kuma bari an muzanta yaro a gabanka. Je ka yi karatu, ka dawo mako mai zuwa."

Daren nan ban yi barcin kirki ba, gama na tuna da kaina. Sa'ad da na ke makarantar mishan, mu ma maza ne zalla, kuma ni aka ɗaura wa atamfar iyata da ɗankwali, na fito a matsayin uwar jaririn nan ta gaskiya a gaban Sarki Sulemanu. Aka tafa mini, ba wanda ya zage ni. To, ga abin da na samu da na je na yi karatun.

ƘASAR DA MUTANENTA

Indonesiya tana kudu maso gabashin Asiya, tsibiranta sun fi 17,000. Ƙidayar 2020 ta ba ta mutum wajen miliyan 270, kuma fiye da rabinsu a tsibiri ɗaya su ke zaune, watau Jawa. Galibinsu Musulmi ne, alhazanmu ma sun saba gamuwa da su a Makka. Turawan Holan suka mulke su shekaru masu yawa, har suka yi shelar 'yancin kansu ran 17 ga Agusta, 1945. Akwai ma wani zumunci tsakaninmu da su wanda da yawanmu ba mu sani ba. Atamfar Holan da iyayenmu mata ke ɗaurawa, asalinta kwaikwayon rinin mutanen Jawa ne da a ke kira batik, inda a kan ɗiga kakin zuma a kan ƙyalle kafin a tsoma shi cikin baba. Ashe zanen da na ɗaura a gaban Sarki Sulemanu ɗan'uwan na mai rawan nan ne.

A tsakiyar Jawa, wajen kudu maso yamma, akwai wata gunduma mai suna Banyumas. Kogin Serayu ya ratsa ta, dutsen Slamet mai aman wuta yana arewa da ita, babban garinta kuwa Purwokerto. Mutanenta manoma ne, nesa su ke da fadojin sarakunan Surakarta da Yogyakarta, har mutanen fada su kan yi wa karin harshensu ba'a kamar yadda ɗan birni ke yi wa baƙauye. Nan ne gidan rawar da ke cikin hotona. Sunanta Lengger, idan kuwa namiji ke yin ta cikin kayan mata sai a ce Lengger Lanang, domin lanang da harshen Jawa namiji ke nan.

YADDA A KE RAWAR

Game da sunan, mutanen wurin suna da fassara biyu. Waɗansu sun ce daga kalmomi biyu ne, leng watau rami, da jengger watau zankon zakara, ma'ana an zaci mace ce, ashe namiji ne. Waɗansu kuwa sun ce daga wata magana ce ta gargaɗi da dattijo ke yi wa yaro, mai nufin "ka tuna, ɗana."

Kiɗan da a ke yi mata sunansa calung. A fada, kayan kiɗan Jawa da a ke kira gamelan na tagulla ne, masu tsada. Talakawan Banyumas ba su da kuɗin tagulla, sai suka sassaƙa gora, suka jera ta daga gajere zuwa dogo, suna bugawa da 'yan sanduna. Har babban ƙararrawar nan ta gamelan, da bututun gora su ke kwaikwayon muryarta, mutum ya riƙa hurawa. Sai kuma ganga, wadda ita ke jan ragamar kome. Mai ganga da mai rawa suna kallon juna, in ya kaɗa ta wani hali, sai mai rawa ya amsa da kafaɗa, ko wuya, ko ƙugu, ko ya wurga bakin gyalen nan da a ke kira sampur. Mai rawa kuma shi ke rera waƙa, yana zolayar 'yan kallo da habaici.

Dā a kan kwana a na yi, tun bayan lisha har goshin asuba, kuma wasan kashi-kashi ne. Da farko rawar mata ce mai taushi. Tsakar dare sai a shigo da ban dariya, don kada barci ya kwashe mutane. Can wajen asuba sai a rufe da wata rawa mai suna Baladewan, inda mai rawan nan zai sāke shiri, ya fito da tafiyar jarumi, ƙafafu a buɗe, ƙirji a gaba. Ku lura da wannan ƙwarai. Mutum ɗaya, cikin dare ɗaya, ya nuna tafiyar mace ya kuma nuna ta namiji, kowace kuwa sai da ya koye ta.

Asalinta rawar manoma ce. A kan yi ta bayan girbi don godiya, da lokacin share gari daga annoba, da bikin aure ko kaciya, ko in wani ya yi alkawari cewa idan ɗansa ya warke zai kira masu Lengger. Kakanninsu tun kafin Musulunci suna girmama wata da su ke kira Dewi Sri, wadda su ke ɗauka ita ce uwar shinkafa, kuma rawar tana da alaƙa da wannan. Har wa yau tsofaffin masu rawa sun gaskata akwai wani iska mai suna indang da ke shiga mutum ya mai da shi gwani, don haka su kan yi azumi su kwana a kusa da kaburburan magabata suna nemansa. Ba sai na gaya muku ba, wannan sashe shi ne malaman addini na can suka fi ƙi.

Al'adar ta daɗe. Akwai wani babban littafi na harshen Jawa mai suna Serat Centhini, wanda aka fara rubutawa a Surakarta a 1814, mai juzu'i 12. Cikinsa akwai labarin wani saurayi, Cebolang, da ke yawo gari-gari da abokansa suna rawa cikin kayan mata. Watau fiye da shekara 200 ke nan da aka san abin har aka rubuta shi.

ME YA SA MAZA?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata yarana su yi, da na ba su hanya. Babban dalili shi ne kunya. A wurare da yawa na Indonesiya, a dā, abin kunya ne 'yar mutunci ta fito tsakar dare a gaban taron maza tana rawa, balle ta bi 'yan wasa ƙauye-ƙauye ta cikin daji. Amma labari ba ya yiwuwa ba mace a ciki. Saboda haka sai samari suka ɗauki wannan aiki.

Ba a Banyumas kaɗai ba. A gabashin Jawa, wajen birnin Surabaya, akwai wasan kwaikwayon talakawa mai suna Ludruk, wanda bisa al'ada maza ke yin kowane matsayi a cikinsa, har da uwa da amarya. A tsibirin Sumatra, mutanen Minangkabau, waɗanda aka san su da riƙon addini, suna da wasa mai suna Randai, kuma dā saurayi ne ke fitowa a matsayin budurwa, suna kiransa bujang gadih, watau saurayi-budurwa. Mu da muke karanta Shakespeare a nan kwaleji, mu tuna a zamaninsa yara maza ne ke fitowa a matsayin mata, sai a 1660 aka fara ganin mace a dandalin wasa na Ingila. A Japan kuma hukuma ta hana mata wasan Kabuki a 1629, har yau maza ke yin matsayinsu. Makarantarmu ta mishan ma dalilinta ke nan, babu 'yan mata, ga kuwa wasa yana bukatar uwa.

YADDA ABIN YA JUYA

To, ga abin mamaki. Kunyar da ta sa maza cikin wannan rawa, ita ce kuma daga baya ta kore su. Misali mafi kyau yana Banyuwangi, can ƙarshen gabashin Jawa, inda a ke wata rawa mai suna Gandrung. Dā samari ke yin ta. Da koyarwar addini ta ƙara ƙarfi, malamai suka riƙa tsawatarwa a kan namiji ya sa tufar mace. A 1895 wata yarinya 'yar shekara 10 mai suna Semi ta fara rawar, an ce saboda alkawarin da uwarta ta yi lokacin da ta ke ciwo. Gwanin maza na ƙarshe, Marsan, ya rasu wajen 1914. Yau in ka ce Gandrung, kowa mace zai kawo a ransa. A Banyumas ma haka, cikin ƙarni na 20 mata suka yi ta shiga Lengger har suka rinjayi maza.

Sa'an nan siyasa ta zo da nata. A 1965 aka yi babbar fitina a Indonesiya, aka ɗora wa 'yan kwaminis laifin yunƙurin juyin mulki, aka kashe mutane da a ke ƙiyasta sun kai 500,000 ko fiye. Jam'iyyar kwaminis tana da ƙungiyar masu fasaha mai suna Lekra, wadda ta kan gayyaci masu wasan ƙauye wurin taronta. Saboda haka zargi ya faɗa kan masu Lengger da Ludruk, har da waɗanda ba su san kome game da siyasa ba, abincinsu kawai su ke nema. Da yawa suka ɓoye kayan kiɗansu.

Cikinsu akwai wani da aka haifa da suna Sadam a wani ƙauyen Banyumas, wanda ya shahara da sunan rawa Dariah. Shi bai tsaya ga dandali ba, ya zauna da tufar mata duk rayuwarsa, har mutane suna ce masa Mbok Dariah, watau Inna Dariah. Bayan 1965 ya koma yi wa amare kwalliya don ya ci abinci. Sai da ya tsufa gwamnati ta tuna da shi, ta ba shi lambar gwanin fasahar gargajiya a 2011. Ya rasu a 2018.

Akwai kuma waɗanda suka ɗauki abin ta hanyar makaranta. Didik Nini Thowok, wanda aka haifa a Temanggung a 1954, ya yi karatun rawa a babbar makarantar fasaha ta Yogyakarta. Ya shahara da wata rawa mai suna Dwimuka, watau fuska biyu, inda ya kan ɗaura fuskar katako a ƙeya, ya juya wa mutane baya yana rawa, su kuwa su zaci gabansa su ke gani. Sai Rianto, ɗan Banyumas, haifaffen 1981, wanda ya kai Lengger Japan da Turai, ya kuma buɗe gidan koyar da ita a Banyumas a 2020.

Gardama kuwa ba ta ƙare ba. A 2016 hukumar kula da gidajen talabijin ta ƙasar ta aika da takarda tana hana nuna maza masu shiga ko motsi irin na mata, masu rawar gargajiya suka yi kuka cewa an haɗa su a ciki. A 2018 Garin Nugroho ya yi fim mai suna Kucumbu Tubuh Indahku, bisa rayuwar Rianto. Da ya fito a 2019, shugabannin waɗansu garuruwa, irin su Depok da Palembang, suka hana nuna shi, amma a shekarar nan kuma shi ya ci kyautar fim mafi kyau ta ƙasar. Kun ga ke nan su kansu mutanen Indonesiya bakinsu bai zo ɗaya ba.

MATA MA SU KAN YI TA MAZA

Kada mu zaci hanya ɗaya ce. A fadar Mangkunegaran ta Surakarta, zamanin Mangkunegara na 4, wanda ya yi sarauta daga 1853 zuwa 1881, aka raya wani wasa mai suna Langendriyan. Mata zalla ke yin sa, su ne sarki, su ne jarumi Damarwulan, su ne abokin gabansa Menakjingga. A wasan Wayang Wong kuma sau da yawa mace a kan ba matsayin jarumi Arjuna, domin a wurin mutanen Jawa cikakken jarumi shi ne mai natsuwa da tattausan motsi, mai hargowa da buɗe ido kuwa halin dodo gare shi. A tsibirin Bali akwai rawar Taruna Jaya, mai nuna zafin kan saurayi, galibi kuwa 'yan mata ke yin ta.

ABIN DA MALAMI ZAI ƊAUKA

'Yan'uwana, ban rubuta wannan don in ce ku so rawar Lengger ba. Mu Kirista da 'yan'uwanmu Musulmi na wannan kwaleji duka an koya mana namiji ya riƙe tufarsa, mace ta riƙe tata, kuma akwai abubuwa cikin al'adar nan, kamar neman iska a kabari, da ni kaina ba zan yarda da su ba. Amma sanin abu daban, yarda da shi daban, kuma aikin malami ya fara daga sani. Rashin sani ya fi dare duhu. Ga abu uku da na riƙe.

Na ɗaya, kada ka ɗaga hoton baƙuwar al'ada a aji sai ka san amsar "me ya sa?" Ni na kawo hoton don ban mamaki kawai, yara kuwa in ka ba su mamaki ba bayani, da dariya za su cike gurbin.

Na biyu, yaro ya kan auna baƙon abu da kalmar da ta fi kusa da bakinsa. Kalmar da yarana suka ɗauko ba ta auna masu Lengger daidai ba, gama cikinsu akwai irin Dariah, akwai kuma magidanta masu mata da 'ya'ya, waɗanda da gari ya waye za su wanke fuska su ɗauki fartanya. Balle ta auna yaron da malaminsa ya ce ya ɗaura zane na rabin sa'a.

Na uku, dariyar da aka yi wa mutumin nesa ba ta kan tsaya a nesa ba. Mai rawan Banyumas bai ji mu ba, yaron layin baya shi ya ji.

Da mako ya kewayo na koma ajin. Na fara da cewa, "Wa ya san wanda ya fito uwar jariri a gaban Sarki Sulemanu a makarantarmu?" Suka yi shiru. Na ce, "Ga shi tsaye a gabanku." Aka yi dariya, amma wannan karon ni aka yi wa, na kuwa ɗauka. Sa'an nan na ba su labarin Banyumas, da calung, da Semi, da 1965. Na kira yaron da ya fara nuna yatsa, na ce ya taka daga ƙofa zuwa allo kamar tsohuwa mai ɗauke da tulu. Ya gwada sau uku, ya kāsa. Na ce da yaron layin baya ko zai nuna masa. Ya daɗe yana kallon ƙasa, ya ce, "Malam, ba yau ba." Ban matsa masa ba. Amma da aka tashi ya tsaya ya taya ni goge allo, ya tambaye ni yadda a ke hura gora ta yi ƙarar tagulla. Malamin da ke duba ni bai ce kome ba, ya dai rubuta wani abu a littafinsa ya wuce.

Ga tambayoyi ga wanda zai koyar da wannan darasi:

1. Nuna Jawa, da Sumatra, da Bali a taswira. A wane sashe na Jawa Banyumas ta ke?
2. Me ya sa mutanen Banyumas suka yi kayan kiɗansu da gora?
3. Kawo dalilin da ya sa maza suka fara rawar mata, da dalilin da ya sa suka ragu.
4. Me ya sami masu wasan ƙauye bayan 1965?
5. Idan aka yi wa wani yaro dariya a ajinka saboda matsayin da ya fito a wasan makaranta, me za ka ce, kuma yaushe za ka faɗe shi?